Ranar da Na Wanke Kokon Mutane a Gana

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. In na shiga kasuwar Makarfi sayen taki, sai wani ya kama mini hannun riga: "Isiyaku, wai da gaske ne a can bishiya a gindinta take 'ya'ya?" In na je Kudan wajen masu mazarƙwaila, su kuma tsiya suke mini, wai an aike ni ɗauko mutum, mutumin ya iso gida, ɗan aiken ya ɓace. Bakina ya gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin, yana juya baya sai ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya yadda ya faru.

Yayana Dauda shi ne ɗan farin Inna. Ya bar gida tun ina saurayi, ya tafi Gana aikin koko, ba kokon da muke sha da ƙosai ba, wanda ake cakulan da shi. Yana kira a waya, yana aike, amma ƙafarsa ba ta sake taka ƙauyenmu ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Bayan kaka, in Allah ya so." Mu kuwa a nan in an ce bayan kaka, an ɗaure dawa ke nan, masara ta shiga rumbu, namiji ya sami kansa ya tafi inda ya ga dama. Sai muka ɗauka yawo da hankalinmu kawai yake yi.

Inna ba ta taɓa cewa uffan ba. Kun dai san kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce "mutumin can." Idonta ya tafi, ƙafa ta yi nauyi, abinci sai an lallaba. Ran nan da hantsi na kai mata fura, ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Isiyaku, je ka kawo mini Dauda. Muryar waya ta ishe ni. Kansa nake so in dafa."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Nan take na gane tsohuwa ta ji wani abu a jikinta. Na bar ta a hannun maiɗakina, na damƙa wa ƙanena gonar rake, na cika buhu da tsaraba: mazarƙwaila, kuka, daddawa da busasshen barkono.

Daga Zariya na hau babbar bas ta Legas. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani Alhaji Tanko, mutumin Paki, mai fataucin albasa da goro, wanda hanyar Kumasi ta zame masa kamar hanyar masallaci. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya barin kunnen mutum ya huta. Da muka nutsa ƙasar Yarbawa ya zungure ni, ya nuna mini wasu gajerun bishiyoyi a ƙarƙashin manya.

"Ga abin da ya cinye maka ɗan'uwa nan. Wannan ma somin-taɓi ne. Kwaddibuwa ce uwa a harkar, Gana na bin ta, sannan mu da Kamaru. Akwai wasu can ƙetaren teku, su Indunusiya da Ikwado da Barazil, amma mafi yawan wanda duniya ke ci daga nan yankinmu yake fita."

Na ce, "To su wa ke cinyewa, Alhaji?"

"Turawa mana. Ba ya fita a ƙasarsu, sanyi ya yi masa yawa. Mu noma, su lasa."

Iyaka uku muka ƙetare kafin Gana, kuma kowace sai an sauko da kaya. A ta farko wayata ta ɗauke, harshe ma ya juye Faransanci. Wani jami'i ya kwance buhuna, ya ci karo da dunƙulen mazarƙwaila a naɗe cikin takarda, jajaye-jajaye masu duhu. Ya sansana, ya dube ni, ya kira abokan aikinsa. Na yi Hausa, na yi ɗan Turancin da nake da shi, babu wanda ya shiga. Alhaji Tanko ya ce, "Kai, ci su gani!" Na gatsa. Jami'in ya karɓa ya gatsi gefe a tsorace, sai na ga ya lumshe ido. Da kaina na ware masa guda biyu, har bakin mota ya rako ni yana ɗaga mini babban yatsa.

A Kumasi Alhaji ya sauke ni zango, unguwar Hausawa, gidan wani dattijo mai saukar baƙi. Tabarma a zaure, buta a ƙofa, ladan na kira, ka ce Zariya kake. Hausarsu ce dai ta sha ruwan wasu harsuna, ni ina dariyar tasu a ciki, su suna dariyar tawa a fili, wai na cika jan gaisuwa. Da safe aka kawo shinkafa da wake, an ɗora mata taliya da ƙwai da wani baƙin yaji mai ɗan karen daɗi. Da rana kuma sakwarar rogo da ayaba a cikin miya tsululu kamar romo. Na kai loma na hau tauna, maigidan ya ce, "Ba a taunawa, haɗiyewa ake." Na ce masa mu a wajenmu abin da aka haɗiye ba tauna sunansa magani. A nan ne kuma na ji cewa a gargajiyar mutanen ƙasar, ɗan 'yar'uwar mutum ne magajinsa, ba ɗan cikinsa ba. Na tuno yayata da ke aure a Ikara da tarin samarinta, na gode wa Allah da ya yi ni a inda ya yi ni.

Daga Kumasi ƙaramar mota ce ta yi yamma da ni, daga nan babur ya shiga daji. Mai babur ya tsaya gaban wani gida mai jinkar kwano, ya nuna mini wani dattijo yana baza wasu 'ya'yan itace a kan shimfiɗar gora. Na tsaya ina kallonsa. Babanmu ne sak, har ɗan rankwafawar kafaɗar. Ya ɗago, ya ce, "Isiyaku?" Ban san lokacin da na durƙusa ba. Duk faɗan da na ƙullo tun daga Makarfi ya narke, muka yi ta kuka kamar yara, matarsa Adiza tana tsaye tana taya mu.

Faɗan bai mutu ba, kwanciya ya yi. Bayan mun ci tuwon miyar kukar da na kawo, na faɗa masa saƙon Inna, har da sunan da ta kama. Ya sunkuyar da kai.

"Ba zan iya tafiya yanzu ba," in ji shi.

"Yaya, kar ka ce mini bayan kaka."

"Zauna ka ji. Koko ba shi da rani. Ana gama babban girbi, ƙarami ya taso. Tsakaninsu sara ne da feshi da datse rassa. Shekarun farko a gonakin mutane na yi su, ba ni da abin da zan shigo gida da shi. Wannan gonar kuwa ƙasar wata tsohuwa ce, Maame muke ce mata. Kurmi ta ba ni, na sare, na dasa, na yi reno. Al'adarsu in bishiyoyi sun kama haihuwa sosai, sai dattawa su zo su raba gonar biyu, rabi nata rabi nawa. Abunu suke kiran abin. Ƙarshen girbin nan za a raba. In na bar gonar ba kowa kafin ranar, na tashi a tutar babu, ni da Adiza da yara."

Na ce, "Gona za ta jira. Inna fa?"

Ya tashi ya ɗauki buta.

Kashegari ya zaga da ni gonar. Gaskiya ne, a jikin gindin bishiyar 'ya'yan suke fitowa, kamar gwanda, wasu kore wasu ruwan ɗorawa. Ya fasa ɗaya da adda, ciki ƙwayoyi ne lulluɓe da wani farin abu mai yauƙi. Na tsotsa, zaƙi da ɗan tsami. Na tauna ƙwayar, ɗaci ya kusa tsinke mini harshe. Ya so ya yi mini bayanin sauran aikin, amma ni ina cike da fushi, na ce ban zo koyon noma ba, a gona aka yanke mini cibiya.

Sai kuma cikina ya ɓaci. Ko ruwan wurin ne, ko sakwarar da na yi ta haɗiya, oho. Ranar da Yaya da Adiza za su kai busasshen koko rumfar masu saye a gari, ni ban iya bin su ba. Wajen hantsi larura ta kai ni bayan gona. A hanyar dawowa wani wari ya bugi hancina, tsami-tsami kamar tsohuwar gasara. Na bi shi har wani tudun ganyen ayaba da aka danne da itatuwa. Na ɗaga ganyen. Ƙwayoyin koko ne tsibi guda, sun yi jagwab, ruwa na tsiyaya ta ƙasa, ƙananan ƙudaje na tashi. Na cusa hannu, zafi kamar tuwo a tukunya.

Duk manomin da ke jin labarin nan ya san abin da zuciyata ta faɗa mini. A wajenmu in tarin masara ko barkono ya ɗau zafi a ciki, asara ce ta yi sallama. Ba a jiran mai shi, ba a neman izini, ko na maƙiyinka ne sai ka baza shi ya sha iska. Na ce wato Yaya ya tsufa har ya manta amfani a daji yana ruɓewa. Ciwon cikin ma na neme shi na rasa. Na kwaso kwanduna, na yi ta jida zuwa rafi, na wanke ƙwayoyin nan tas, na cuɗe yauƙin da hannuna har suka yi ƙyalli. Na baza su a kan shimfiɗar gora cikin rana. Na ma tsince ƙazantar ciki, don in zan yi aiki ba na yin rabi. Sannan na yi wanka, na sa farar riga, na zauna a inuwa ina jiran godiya.

Da la'asar suka dawo. Adiza ce ta fara gani, ta ɗora hannu a ka. Yaya ya ƙaraso, ya dubi shanyar, ya dubi inda tudun yake, ya dube ni.

"Wa ya yi wannan?"

Na gyara zama. "Ni ne. Saura kaɗan ka yi asara, Yaya. Ka ji zafin da ya ɗauka kuwa?"

"Inna lillahi! Isiyaku, zafin nan shi muke nema! Da gangan ake rufe shi ya yi gumi a cikin yauƙinsa, ana juyawa, har ɗacin ya mutu ƙamshi ya fito. Wannan ko rabin kwanakinsa bai yi ba. Ka wanke yauƙin, da me zai nuna? Mai saye yana tsaga ƙwaya ɗaya zai ture buhun. Kuma ba nawa ba ne ni kaɗai, da rabon Maame a ciki!"

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige har da farar rigar.

Labari bai kwana ba. Da safe sai ga Maame, 'yar ƙaramar tsohuwa da zane a kafaɗa da sanda, dattawa biyu na biye da ita. Aka jera kujeru, aka ba su ruwa. Adiza ta raɗa mini cewa a nan daga hannun dama ake fara musabaha a bi layi, ba ruwansu da wane ne babba. Ni kuwa tuni na tuɓe takalmi na zube gaban tsohuwar ina jero mata ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙarfin jiki. Ta dube ni kamar ta ga sabon abu. Sannan, ko da yake kowa ya san abin da ya tara mu, sai da aka tambayi kowa dalilin zuwansa, don haka al'adarsu take. Adiza ce tafinta.

Da aka zo kaina na faɗi gaskiya, tun daga yadda muke yi da masara har zuwa saƙon Inna. Maame ta tashi, ta je ta ɗebi ƙwayoyin, ta juya su a tafin hannu. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take yi, har da share hawaye da bakin zane. Ta yi wata doguwar magana, Adiza ta juya mini.

"Wai tun tana yarinya take cikin koko, ta ga ɓarawonsa, ta ga malalacin da ya bar shi ya lalace, amma ba ta taɓa ganin wanda ya yi masa wanka ba. Ta ce kai kaɗai ka jide tsibin nan, da ciwon ciki, ba wanda ya sa ka?"

Na ce ni kaɗai.

Tsohuwar ta juya kan Yaya, fuskarta ta canza. Ta tambaye shi me ya sa bai taɓa gaya mata uwarsa na raye tana nemansa ba. Ya ce tsoron maganar rabon gona. Ta ce yarjejeniya yarjejeniya ce, gona ba za ta zauna ba mai kula ba a tsakiyar girbi, dattawa ma ba za su yarda ba. Sai dai in akwai jininsa da zai zauna a madadinsa, wannan al'ada ta yarda da shi. Yaya ya fara cewa ai yaransa ƙanana ne, ba shi da kowa. Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina.

"Ni ba jininka ba ne? Ka tafi, ni zan zauna!"

Ɗaya daga cikin dattawan ya nuna shanyar ya yi magana, aka kwashe da dariya. Ba sai an fassara mini ba. Maame ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce mutumin da ya ga amfanin wani zai lalace ya ruga ceto ba a roƙe shi ba, shi take so a gonarta. Rashin sani ne kawai ke damuna, kuma wannan Adiza za ta yi maganinsa. Kokon da na ɓata kuwa, in biya da gumina.

Haka aka yi. Yaya ya ɗau jakata, har da rigar sanyina, ya kama hanyar Makarfi, ni na ɗau addarsa. Ranar da ya isa maiɗakina ta kira ni a layin Gana da na saya, ta ce in saurara. Ina jin hayaniyar gidanmu, ina jin Inna tana cewa, "Matso, matso in ji," sai shessheƙar babban mutum. Na zauna a gindin bishiyar koko na yi nawa kukan, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Na yi watanni a dajin nan. Na koyi yanke ɗan koko ba tare da na ji wa gindin rauni ba, na koyi juya tsibi, har hancina ya iya gane ranar da ya nuna. Tururuwan bishiya sun ci rabonsu a wuyana. Mutanen ƙauyen suka laƙaba mini wani suna, da na matsa wa Adiza ta ce ma'anarsa mai yi wa koko wanka. Maame kan aiko mini da doya, ni kuma na koya mata shan kunu da mazarƙwaila. In na kira gida Inna takan ce, "Lafiya lau nake, riƙe amanar mutane." Muryar tana ƙara sirancewa, amma na ce tsufa ne.

Wata ranar Talata da azahar, ina tsakiyar juya shanya, waya ta yi ƙara. Yaya ne. Ya ce, "Isiyaku, sai haƙuri. Inna ta cika da safe."

Maame ta zo da yamma, sanye da baƙin zane. Ta kama hannuna biyu, ta ce in tafi, ita da kanta za ta tsaya wa gonar a gaban dattawa. Ta tambayi wane wata za a yi jana'izar, don su a wajensu gawa takan daɗe a ajiye kafin dangi su taru. Na ce wa Adiza ta gaya mata an riga an kai ta tun kafin a kira ni. Tsohuwar ta saki baki. Ta zauna kusa da ni a kan benci har rana ta faɗi. Ban tafi ba, na ci gaba da riƙon gonar.

Bayan addu'ar arba'in Yaya ya dawo. Dattawa suka zo, aka bi gonar da igiya, aka dasa shuke-shuken iyaka, rabi ya zama nasa. Na taya shi murna da gaske. Amma akwai abin da ke cina, kuma ban iya barin garin da shi a ciki ba. Ranar da zan taho, muna tsaye muna jiran babur, na fitar da shi.

"Yaya, kana gani jikinta ya rikice. Ni na yi shekara da shekaru ina kai mata fura. Ka rasa ɗan kiran da za ka yi mini in zo mu yi sallama?"

Idonsa ya kawo ruwa. "Na ɗau waya sau biyu, ita ta hana. Ta ce in ka taso, gonar ta tafi, wahalata ta zama banza. Na ce mata, Inna, ba kya son ganinsa? Ta ce, 'Isiyaku ai na ƙoshi da shi. Duk abin da ɗa ke yi wa uwa ya yi mini, har da kawo mini kai. Ka gaya masa na yafe masa duniya da lahira. Kai dai zauna nan kusa, kai ne ban ƙoshi da kai ba.'"

Babur ya iso, na hau. Har yau abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, na so a ce hannuna yana cikin waɗanda suka sa ta a makwancinta. Amma da za ta sake kama hannuna ta aike ni, ko na san yadda za ta ƙare, zan cika buhuna in tafi.